Jirgin Zare da Man Zurma

Na rantse da Allah, na daɗe ban haɗu da abin da ya shiga raina kamar wannan ɗan jirgi ba. Wata na huɗu ke nan ina tare da shi, amma har yau in ɗan injinsa ya kama, ya saki kukan nan nasa mai kama da na rina a cikin gwangwani, sai tsigar jikina ta tashi kamar ranar farko. Abokaina na Kalgo sun ji labarinsa daga bakina har sun haddace. Yau na ce bari in rubuta domin na nesa ma ya ji, ko Allah zai sa wani ya kamu kamar yadda na kamu.

Yaran unguwa ne suka raɗa masa suna jirgin zare, sunan kuwa ya bi shi. Jirgin sama ne sosai, mai fukafukai da jela da farfela da inji mai shan mai, sai dai faɗinsa daga wannan fiffike zuwa wancan bai wuce kamu ɗaya da ɗan ɗori ba. Babu rimot, babu kwamfuta, ko batir ba ya tashi da shi. Zare biyu ne suka fito ta fiffikensa na hagu, kowane tsawon kimanin mita 10, suka ƙare a jikin wani ɗan mariƙi da ke hannunka. Kai ne turke, shi kuwa yana zagaya ka. Ka karkato hannu sama ya yi sama, ka sunkuyar ya yo ƙasa. Iyakar abin ke nan, amma daɗin da ke cikinsa sai wanda ya riƙa.

A Gwandu na samo injin, a wurin kawuna, tsohon malamin koyar da sana'o'in hannu. Na je gaishe shi bayan an gama girbi, muna zaune a zaure bayan la'asar, sai ya aiki jikansa ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ya fito da gwangwanin madara, a ciki akwai wani abu naɗe da tsumma. Ya ce, "Ɗana, wanga abu ya fi shekara arba'in cikin akwatin ga. Wani malami ne baƙo da munka yi aiki tare ya bar min shi da za shi gida. Kai da ke son kwance-kwance, in kana iyawa tashe shi." Na buɗe tsumman, na ga inji cikakke a tafin hannuna, nauyinsa kamar na ƙwan kaza. Na ce, "Kawu, wannan kuwa yana aiki?" Ya ce da idonsa ya gan shi yana jan jirgi a filin ƙwallon makaranta, ɗalibai suna ihu.

Sunansa Babe Bee, ƙirar kamfanin Cox na Amurka, wanda Leroy Cox ya kafa a jihar Kalifoniya. A 1956 aka fara fitar da wannan samfuri, aka kuma ƙera miliyoyinsa. Cikin silindarsa cc 0.8 ne kacal, wato injin babur ɗin ɗan kabu-kabu mai cc 100 ya ninka shi sau 125. Amma wannan ɗan mitsitsin abu yana juya farfela fiye da sau 12,000 a minti ɗaya! Duk lokacin da na tuna wannan lissafi sai in sake ɗaukarsa in duba. Fistin ɗinsa bai kai kan ɗan yatsana ba. Tankin mai yana manne a bayansa, yana cin cc 5, kamar cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma wannan ya ishe shi tashin minti biyu ko fiye kaɗan. Komai nasa a fili yake, da sukuddireba da ɗan sifana ɗaya za ka warware shi gaba ɗaya a kan faifai, ka nuna wa yaro kowane ɓangare, ka mayar. Ban taɓa ganin inji mai sauƙin kai irinsa ba.

Da na karɓe shi a daskare yake, farfela ba ta ko motsi. Tsohon mai ne ya bushe a ciki ya zama kamar ƙaro. Na jiƙa shi kwana biyu, na ɗan ɗumama shi a rana, ina lallaɓa shi da yatsa, sai ga shi ya saki. Da na juya shi na ji wannan ɗan "ɗas" na matsewar iska a cikin silinda, na san da ransa. Inji ya shekara arba'in a kwance, tsatsa ba ta ci shi ba! Daga baya na gane man da ya daskare ɗin nan shi ne ya tsare shi. Kuma man nan ba wani baƙo ba ne a wurinmu, man zurma ne.

Zurma dai da kuka sani, cika-gida, wadda ke fitowa a bayan gari da bakin juji ba mai kula ta. Ita ce ran wannan inji. Duk wanda ya taɓa haɗa fetur da baƙin mai domin ƙaramin janareto, ko ya ga yadda ake shayar da tsohuwar Vespa, ya san irin injin da man shafawarsa ke tafiya tare da man ƙonawa. Wannan ma haka yake, sai dai ba ya shan fetur. Abin da yake ƙonawa shi ne metanol, wani nau'in sifirit, shi kuwa baƙin man mota ba ya haɗuwa da metanol, ko ka girgiza su sai sun rabu. Man zurma kuwa narkewa yake a ciki lafiya lau. Wani abin burgewa kuma, in inji ya yi zafi ƙwarai, inda wasu mayukan za su tsinke su ƙone, shi man zurma kauri yake ƙarawa, ya shimfiɗa wata 'yar fata a jikin ƙarfe ta hana shi cin ɗan'uwansa. A ƙasa irin tamu, inda zafin bazara kan haura digiri 40, wa zai ba ka kariya irin wannan? A injin Cox ma dole ne, domin fistin da sandarsa a haɗe suke da wata 'yar gaɓa mai kama da ta ƙugu, ƙwallo a cikin kwarmi, kuma man zurma ne ke raya ta. Jiragen yaƙi da dama na lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da shi aka riƙa shafe injinansu, kuma daga sunansa na Turanci kamfanin Castrol ya samo nasa sunan. Tun da na san haka, in na wuce gindin zurma a hanyar Bunza sai na waiwaya na dube ta.

Haɗin man ba wuya a faɗa. Kashi 20 cikin ɗari man zurma, sauran metanol, shi ne ginshiƙi, kuma a gasar gudu ta duniya wannan haɗin na 80 da 20 doka ta tilasta wa kowa. Sai dai ƙananan injina irin nawa sun fi son a sa musu wani sinadari mai suna nitrometen, kashi 15 zuwa 25, a rage metanol daidai da haka. Shi ke sa inji ya tashi da wuri, ya yi kuka mai tsabta, allurar daidaita mai ta daina gardama. A nan ne wahalar take. Man zurma tatacce na samu a kantin magani ba tare da wata wahala ba. Metanol kuwa sai da na sha yawo. Wani mai shago ya sayar mini da sifirit na goge rauni ya ce ai duk ɗaya ne, na kwana biyu ina buga farfela inji ko tari bai yi ba, ashe ruwa ne ya yi yawa a ciki. Sai a wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje na makarantu na dace da na ainihi. Nitrometen kuwa shi kaɗai ban same shi ba, sai dai wani abokina ya kawo mini kwalbar haɗaɗɗen man ƙananan motocin rimot daga Kano, na ƙara masa man zurma. Da wannan nake tashi yanzu.

Abin da ya fi ba ni mamaki a jikinsa shi ne fulogi. Ba ya tartsatsi irin na babur. Wata 'yar siririyar waya ce mai filatinam, a naɗe a cikin kan silinda. Za ka maƙala mata batir mai ƙarfin bolt 1.5, babban batirin tocila ya isa, ta yi ja kamar garwashi. Da inji ya kama sai ka cire batir, ita kuwa ta ci gaba da ja da kanta, domin tururin metanol in ya taɓa filatinam zafi yake haifarwa, ga kuma zafin kowace ƙuna yana ƙara mata. Wani Ba'amurke mai suna Ray Arden ne ya fito da wannan dabara kasuwa a ƙarshen shekarun 1940, ta raba ƙananan jirage da ɗaukar kayan wuta masu nauyi. Gargaɗi ɗaya: kada ka kuskura ka jona mata batirin babur, nan take za ta tsinke.

Gangar jirgin kuwa a zauren Kawu muka ƙera ta, muka ɗauki asabar uku. Turawa da katakon balsa suke yi, wani icce mai sauƙin nauyi da akasarinsa daga ƙasar Ikwado yake fitowa, kuma dangin rimi da kuka ne. Mu ba mu da shi, amma muna da gwangwala. Kawu ya fere ɓawon da wuƙa, ya yanyanka farin cikin falle-falle, muka jera su gefe da gefe da gam, muka ratsa siririn ɓawon a tsakiya ya zama ƙashin bayan fiffike. Sai gugar samfefa, a hankali, har gaban fiffiken ya yi kumburin nan mai laushi, bayansa ya sirance kamar bakin wuƙa. Na zauna ina kallon hannun dattijon nan yana shafa fiffike yana lumshe ido, yana gano tudu da kwari da yatsa kafin ido ya gani. Jiki da mazaunin inji muka yi da siririn falanki. Daga gwangwani mai kauri muka yanko wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku, muka kafa shi da ƙusa ɗaya a tsakiyar fiffike yadda zai riƙa juyawa. Zaren nan biyu a kunnuwansa biyu suke ɗaure, daga kunne na uku kuma wayar ƙafar keke ta miƙe zuwa marfin jela. Ka ja zaren sama, ƙarfe ya juya, waya ta tura, marfin jela ya ɗaga, jirgi ya ɗaga hanci. Wallahi ranar da na fara motsa mariƙi daga nesa na ga jela tana amsawa, sai da na yi kabbara.

Akwai 'yan sirrika da suka raba jirgin da zai tashi da wanda zai zama abin ado. Ka ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin huɗu daga gaba, ya tsaya daidai ko ya ɗan rinjaya ta hanci. In ta jela ya rinjaya, ba mahalukin da zai iya sarrafa shi. A ƙarshen fiffiken dama ka manna ɗan nauyi, mu tsohon kwabo muka sa, domin ya rama nauyin zaren da ke jan hagu. Tsayayyen ɓangaren jela kuma a ɗan karkatar da shi waje, jirgi ya riƙa neman gudu daga gare ka, zare ya zauna a miƙe. Nauyinsa duka kada ya wuce giram 200. Sannan a shafe shi da gam mai haɗi biyu, siriri, domin man nan yana cinye fenti na yau da kullum. Zare kuwa na fatsa muka samu, irin saƙaƙƙen nan da ba ya talewa. A Kabi, ƙasar masunta, wannan ba abin nema ba ne.

Ranar tashi, wata gonar gero da aka share a bayan Kalgo muka zaɓa, da hantsi kafin iskar hunturu ta taso. Ƙanena ya riƙe jirgi. Na ɗura mai da sirinji har ya tsirto ta ɗaya bututun, na buɗe allura zagaye uku, na ɗiga ɗigo biyu a bakin silinda, na maƙala batir. Na murɗa farfela baya a kan ɗan sifirin da ke wurga ta, na saki. Ya yi tari. Na sake. A karo na huɗu ya kama, yana ɓarɓarniya yana feshin mai, ina matse allura a hankali, kukan yana hawa yana sirancewa, har ya zama tsinin sauti guda mai shiga ƙwaƙwalwa. Awakin da ke kiwo can gefe suka watse. Na cire batir, na ruga tsakiya na ɗauki mariƙi. Ƙanena ya ɗaga murya, "Yaya, in sake?" Na ɗaga masa hannu.

Tashin farko bai cika zagaye ɗaya ba. Na ja sama da yawa, ya miƙe tsaye, zare ya saki, ya dawo ya caki ƙasa. Farfela ta karye, yashi ya shiga inji. Muka wanke shi tas da mai, muka sa wata farfelar, na tuna abin da Kawu ya ce, in daskarar da wuyan hannu, in riƙa ɗaga hannun gaba ɗaya daga kafaɗa, in nuna inda nake so jirgi ya bi. A karo na biyu ya tafi. Jama'a, ya tafi! Ya daidaita a tsayin kan mutum biyu, yana zagaye ɗaya cikin daƙiƙa huɗu ko kusa da haka, ni kuma ina juyawa da shi. Abin da ban taɓa zato ba shi ne ja. Yana jan hannunka kamar raƙumi a akala, kana jin kaɗawar inji tana biyo zare har cikin tafinka, kana jin lokacin da iska ta buge shi da lokacin da ta sake shi. Mai rimot da ido kawai yake tuƙi. Mai zare kuwa jirginsa a hannunsa yake, yana jin numfashinsa. Da mai ya ƙare, kuka ya yanke ɗif, sai shuuu na iska a fiffike, ya sauko a hankali ya zame a kan kunya. Jiri ya ɗebe ni na durƙusa, ƙamshin ƙonannen man zurma ya cika wurin, yara kusan talatin da ban san lokacin da suka taru ba suna tsalle. Wani dattijo da ya tsaya da kekensa ya ce, "Malam, Allah shi yi albarka, sake muna."

Wannan wasa tsoho ne a duniya. Wani mutumin jihar Oregon, Oba St. Clair, ya tashi irinsa a 1937 da zare huɗu, sai Jim Walker na birnin Portland ya yaɗa tsarin zare biyu da jirginsa Fireball a 1940, ya yi masa rajistar mallaka. Rigimarsa da kamfanin Cox ta kai kotu, a tsakiyar shekarun 1950 aka soke rajistar saboda aikin St. Clair ya riga nasa. Har yau hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, tana shirya gasarsa. Akwai ta gudu, inda inji mai cc 2.5 ke kai kimanin kilomita 300 a awa. Akwai ta gwaninta, a zana da'ira da murabba'i da lamba takwas a sama. Akwai tsere na jirage uku a da'ira ɗaya, da tsayawa shan mai. Wadda na fi ƙauna ita ce ta faɗa: mutum biyu a tsakiya kafaɗa da kafaɗa, kowane jirgi yana jan doguwar jelar takarda, kowa yana neman ya datse ta abokin karawarsa da farfela. Ku yi tunanin wannan a filin idi da yammacin sallah!

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Cox sun daina ƙera shi, ko da yake wani kamfani a Kanada ya sayi ragowar kayan a 2009 yana sayarwa, don haka fulogi da farfela sai an yi odarsu. Ƙurar hunturu abokiyar gabarsa ce, domin man zurma danƙo gare shi, duk yashin da ya taɓa sai ya riƙe. Farfela tana yanka yatsa. Metanol guba ne, kurɓa kaɗan tana makantarwa ko ta kashe, wutarsa kuma ba a ganinta da rana, saboda haka kada a zuba shi a robar lemo, kada a ajiye inda yaro zai kai, a kuma toshe shi sosai domin yana zuƙar danshi daga iska. 'Ya'yan zurma su ma guba ne ga mutum da dabba. Kada a tashi kusa da wayar lantarki ko kusa da filin jirgin sama na Ambursa. A halin da ake ciki na tsaro kuma, kafin ka tayar da wani abu mai ƙara a sama, je ka gaida mai unguwa ka nuna masa, a sanar da jami'an tsaro. Ni haka na yi, kuma shi kansa mai unguwar ya zo kallo.

Duk da haka, a wurina ba shi da na biyu. Wane yaro ne a Gwandu ko Kalgo bai taɓa fere kara ya haɗa mota da totuwa ba, ko ya yanka langa-langa ya yi tirela mai sitiyarin waya? Hannun yana nan tun fil azal. Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007, a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya karanta zanen gine-gine kafin ya tafi Detroit. A wannan shekarar ta 2007 kuma Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa. Jirgin zare shi ne matakin da ke tsakanin motar kara da irin waɗannan ayyuka. Yaron da ya ƙera guda ɗaya ya tashe shi ya riga ya san ma'aunin nauyi, ya san yadda fiffike ke ɗaukar iska, ya san haɗin mai da iska a inji, kuma da yatsunsa ya sani, ba da haddar allo ba. In ya faɗi ya karye, gam da yini ɗaya sun mayar da shi.

Kirana ga malaman kimiyya da na sana'a a makarantunmu, da ɗaliban injiniya na Jami'ar Tarayya da ke nan hanyar Kalgo zuwa Bunza, da na jami'ar Aliero, da na kwalejin fasaha ta Waziri Umaru: fili mai faɗin mita 30 ya isa, kuma makarantu da yawa suna da shi. Inda man ya gagara, ana iya fara koyo da ƙaramin inji mai batir a hancin jirgin, zaren dai shi ne zaren. Wanda kuma yake da irin wannan inji a kwance cikin akwatin mahaifinsa ko na kawunsa, don Allah ya fito da shi, ya jiƙa shi, ya nemi man zurma. Ni dai asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ɗauki nawa zuwa Gwandu, domin Kawu ya ce sai ya riƙa zaren da hannunsa.